Kujerar Bakin Ƙofa

Kujera biyu ce a shagon askin da mahaifinsu ya bari, amma a kan ɗaya ake rigima: ta bakin ƙofa, inda haske yake, inda duk mai shigowa yake fara nufa. Dogo ne a kanta tun rasuwar tsohon. Ƙaninsa Auta yana can lungu kusa da famfo, sai wanda ya gaji da jira yake zuwa wurinsa. Ba sa ga maciji da juna, kuma duk layin an san haka.

Tushen abin ido ne. Dogo yana saurayi fatar gaban ƙwayar idanunsa ta riƙa sirancewa tana tsini, har tabarau ya daina yi masa amfani. Na hagu ya yi tabo ya tashi aiki. Na dama aka yi wa dashe da fatar idon wani mamaci, aka kuwa dace. Sama da shekara ashirin yana fitar da layin gemu kamar da rula ya ja shi. Sai dai lokacin jinyar Dogo, Auta aka cire daga makaranta ya riƙe shago, kuma bai sake komawa ba. Wannan abu yana nan a ran Auta, ya ƙi wucewa.

Tun farko an gaya wa Dogo cewa dashe yana tsufa, maganar ta shiga ta wannan kunne ta fita ta wancan. To, bana ya tsufa. Kullum ya farka sai ya ga duniya dishi-dishi kamar madubin da aka hura wa numfashi, ba ta washewa sai rana ta take. Likita ta ce fatar ce ta gaji, tana shan ruwa cikin barci, sai an sake wani dashen, kuma na biyu bai cika kai na farko ƙarko ba. Kafin layi ya zo kansa, ta ce ya riƙa kunna dirayar busar da gashi daga nesa, iska mai ɗumi tana busar masa da idon.

Dabarar ta yi. Sai ya riga kowa zuwa, ya sa sakata, ya miƙe hannu yana hura wa idonsa iska har ya fara ganin haƙoran mataji. Ko matarsa bai gaya wa ba, balle wancan ɗan baƙin cikin.

Ran nan ya laluba ƙusar da ake rataye dirayar, wayam. Yana cikin birkita tawul ya ji an turo ƙofa.

"Wannan kake nema, Yaya?" in ji Auta. Dogo bai ga abin da ke hannunsa ba, amma ya gane.

"Ajiye min kayana."

"Kayanmu dai. Ta taga na gan ka jiya. Mutum da sanƙo tal, me yake busarwa?"

"Ina ruwanka? Kai ka haife ni?"

"Ruwana wuyan mutane da kake ɗora wa aska kana lalube."

Dogo ya ji ƙarar aljihun tebur, ya ji an murza makulli, an kulle dirayar a ciki. Kafin ya ce wani abu mutane sun fara shigowa. Ya gane tarin tsohon direban nan da yake yi wa aski tun gemunsa yana baƙi, da wasu da suka zauna a benci suna gaisawa.

Auta ya zo ya zauna daram a kujerar bakin ƙofa, ya ɗaura wa kansa ƙyalle, ya ɗaga haɓa.

"Ku yi haƙuri, jama'a, yau ni ne farko. Yaya, yi min gyaran fuska. Da aska, ba da kilifa ba."

Kowa ya san tunda suke ɗayansu bai taɓa sa wa ɗaya hannu a ka ba.

Zuciya ta ɗebi Dogo. Ya kaɗa kumfa ya lafta masa da ƙarfi har cikin hanci, ya buɗe aska. A lokacin ya tsani yaron nan tsana ta gaske, har ya ji da zai yanke shi ba zai yi nadama ba. Ya dafa masa goshi ya sunkuya. Farin kumfa da farin ƙyalle duk sun haɗe sun zama abu ɗaya. Ya ƙifta, ya sake ƙiftawa, ya kasa gane inda gemu ya ƙare, inda wuya ya fara. A ƙarƙashin yatsansa wata jijiya tana harbawa da sauri. Ashe marar kunyar ma tsoro yake ji.

Ya daɗe a haka. Sannan ya naɗe askar ya ajiye.

Auta ya miƙe, ya goge kumfar da tawul, ya karkaɗe kujerar.

"Baba direba, bismilla."

Dogo ya jira tsohon ya ce a'a, shi Dogo yake jira. Sai ya ji benci ya yi ƙara, takalmi ya ja ƙasa, kujera ta karɓi nauyin mutum.

"Matsa, Yaya," in ji Auta. "Kana tare min haske."