Taku Huɗu Zuwa Bakin Gaɓa

Ranar 17 ga Oktoba, 2013, Tsuneko Ishige ta auna daga kabarin gidansu zuwa bakin gaɓar teku, ta sami taku huɗu. A shekarar 1966 da aka kawo ta amarya taku hamsin da biyu ne, har da gonar kabeji a tsakani. Igiyar teku tana ƙwaƙule gindin gaɓar, saman ya zauna a kan iska, sannan wata rana ya rufta.

Tuluna uku na tokar mamatan da aka ƙona bisa al'ada ke ƙarƙashin dutsen kabarin: na surukinta, na surukarta, da na mijinta Kenzo. Yau za a kwashe su, amma jirgin ƙasan da zai kawo malamin haikali, mai yin addu'a kafin a buɗe kabari, ya tsaya saboda iska.

"Ɗaga dutsen, Shozo," ta ce wa ƙanin mijinta.

"Ba a yi addu'ar sallamar rai ba? Yaya, ke kin tsufa kin gama, ni da saura."

"Matsoraci! Tun kana yaro haka kake."

Igiya ta daki gindin gaɓar, Tsuneko ta ji dukan har cikin haƙoranta. Da ta waiwaya sai ta ga tsaga siririya a ƙasa, ba a gabansu ba, a bayansu.

Ta kira malamin a waya. "Malam, ka karanta daga nan, zan kara wa dutsen wayar."

"Iya, ba a taɓa yin haka ba."

"Ba a taɓa yin taku huɗu ba."

Ya fara karatu a tsanake, bai tsallake ko kalma ba. Tsagar da ɗazu ba ta fi zare ba yanzu ta isa a zura hannu. Shozo yana riƙe da ƙarfen ɓamɓara, yana haɗa gumi cikin sanyi. Malam na kai ƙarshe, Shozo ya ture murfin.

Tsuneko ta durƙusa ta zura hannu cikin duhun ramin. Tuluna uku, duk farare, girmansu ɗaya. Ta rungumo na kusa, ƙasa ta yi ƙara kamar an yaga buhu.

"Saura biyu!"

"Bar su, Yaya!" Ya fizgo ta ta ɗamara, suka tsallake tsagar, suka zube cikin ciyawa.

Sai da numfashinta ya dawo ta juya tulun ta karanta sunan. Na surukarta ne, wadda shekara talatin ba ta taɓa yabon miyarta ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta cire gyalenta ta naɗe shi.

Gaɓar ta rufta da ƙarfe huɗu da minti goma na yamma. Kenzo, manomin kabeji da bai taɓa yarda ya shiga kwalekwale ba, yana cikin teku tun ranar.