Ƙofar da Na Hana a Buge

Ban taɓa son Hiske ta shiga tseren ba. 'Yata ce ɗaya tilo, hanyar kuma tun daga Groningen ce har Porto, a cikin tsofaffin motocin da suka girme ta. Da na ga ba za ta fasa ba, sai na ce to ni zan zauna a gefenta in riƙa karanta mata hanya. Ita take tuƙi, ni kuwa ƙafata na ta taka birkin da babu shi a gefena.

A kan duwatsun arewacin Sifen abin ya faru, da hantsi. Muna shan wata kwana sai Roelof Brandsma, mai sayar da tayal a garinmu, ya kutso da motarsa ruwan ɗorawa ta inda babu wurin wucewa. Ya daki ƙofar Hiske, muka bugi katangar dutse. Kowa a ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motoci ya san doka: in ka ga ɗan'uwanka a tsaye, sai ka tsaya har ya ɗaga maka babban yatsa. Roelof ko waiwaye bai yi ba.

"Baba, daina taɓa ni, lafiyata ƙalau," in ji Hiske. Amma na ga yadda ta rungume hannunta na hagu.

Kafin a jawo mu zuwa wani ƙauye, Roelof ya riga ya kai labari wurin alƙalan tsere. Wai yarinyar ce ta kasa riƙe sitiyari, ta daki katanga ita kaɗai, saura kaɗan ta halaka shi. Shugabar alƙalan, Madam Dijkhuis, ta kira ni a waya ta ce sun riƙe katin tseren Hiske, a Porto za su yanke ko za su kore ta daga ƙungiyar. Hiske ta juya mini baya tana kallon dutse. Tun tana makaranta take wanke motocin ƙungiyar nan don a bar ta ta zauna a ciki.

Bakaniken ƙauyen sunansa Benigno. Ba ya jin yarenmu, ba ma jin nasa, da hannu muka yi magana. Ya miƙar da sandar da ke juya taya, ya yi wa lagireto walda, matarsa ta kawo mana miyar wake. Ina cikin ci sai na ga ya ɗauko guduma ya nufi ƙofar da ta lotsa. Na yi wurgi da cokali, na ruga na tsaya tsakaninsa da ita.

"A'a! Wannan kada ka taɓa!"

Ya ɗauka tsada nake tsoro, ya yi ta nuna mini da hannu cewa kyauta ne. Na kama yatsansa na ɗora a kan fenti ruwan ɗorawa da ya shafu a jikin shuɗin ƙofar, da guntun zoben fitila da ya maƙale a cikin ƙarfen. Ya dube ni, ya dubi hannun Hiske da aka ɗaure, ya ajiye gudumar. Ya zagaya bayan gareji ya dawo da wata jar ƙofa ta wata matacciyar mota, muka ɗaura. Tamu kuwa na naɗe ta da bargona, na ɗaure a saman mota.

"Baba, ka zama abin dariya," in ji Hiske. "Mutane na ɗauko kofi, kai ka ɗauko ƙofa."

"Tuƙa kawai. Kuma ki rage gudu."

A Porto an jera motoci a dandali, jama'a na kallo. Roelof na tsaye da giya a hannu, ya hango mu ya ɗaga murya.

"Tjeerd! Ashe kun iso? Ja da shuɗi, kamar motar 'yan wasa. Ka saya wa 'yar nan keke mana, ka huta."

Na sauke ƙofar, na kwance bargon, na ɗauko ta a kafaɗa har gaban motarsa. Na jingina ta da bambarsa. Lotsawar ta zauna daidai, kamar murfi da tukunya. Zoben fitilarsa na dama sabo ne fil, na hagu kuwa ya dushe.

"Madam Dijkhuis," na ce, "zo ki ga katangar da take da fenti ruwan ɗorawa."

Ta sa tabarau ta duƙa. Roelof ya fara cewa ai motoci masu wannan launi suna da yawa. Wani daga baya ya ce a tseren nan dai guda ce, aka fashe da dariya. Madam ta buɗe jakarta ta miƙa wa Hiske katinta, sannan ta miƙa wa Roelof tafin hannu, ta tsaya har ya ciro nasa katin ya ba ta.

Hiske ta ce ya isa haka, in kai ƙofar bola. Ban kai ba. Na kafa ta a bangon gidana, ta gefen titi, inda Roelof yake bi kowace safiya zuwa shagonsa. Hannun Hiske har yau yana mata ciwo in an yi sanyi. Ranar da ya daina, zan duba ko in sauke ta.