Bakina da Yatsun Yaya

A ɗakin ɗinkin Umma muka koyi rubuta manhaja, ni da Yaya, a kan teburin da take yanka yadi. Da hantsi take gama yanka, sai mu ture almakashi da alli da guntaye gefe mu ɗora laftof. Guda ɗaya ce, ta hannu, batirinta ya mutu tun kafin ta shigo gidanmu, don haka kullum tana ɗaure da bango kamar akuya. Kujera mai kyau ma ɗaya ce. Yaya ya girme ni, kujerar tasa ce ba sai an yi shawara ba. Ni kuwa a tsaye nake a bayansa, idan na gaji in ɗare kan buhun guntaye.

Haka rabon aiki ya faɗo mana ba wanda ya tsara shi. Ni ce mai faɗa, shi ne mai bugawa. A gida Rediyo ake ce min, ban kuma taɓa jin haushin sunan ba don na san na ci shi. Yaya kuwa idan ka ji ya jera magana uku a tare, to taɓa goshinsa, zazzaɓi yake. Sai in yi ta zagaye ɗakin ina karkaɗa hannu: "Ɗauko sunayen masu ɗinki, bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda ranarsa ta kusa ka ɗaga shi sama." Kafin in rufe baki yatsunsa sun gama mayar da maganata kod, wato rubutun nan da kwamfuta ke bi ta yi abin da aka ce. Ya danna, abu ya yi aiki, in buga tsalle in ce ai na faɗa. Shi dai ya ce, "Uhm."

Ina kewar waɗannan ranakun, ba na ɓoyewa. Keken Umma na ta ƙara, fanka na kaɗa zare a ƙasa, mata na shigowa gwajin riga su tarar da mu muna faɗa da na'ura. Wata ta taɓa tambayar Umma ko lafiya nake, ta ga ina yi wa ƙeyar Yaya wa'azi. Umma ta cire allura daga baki ta ce, "Aiki suke. Haka nasu yake." Mun yi wa Umma manhajar da ke tuna mata ranar karɓar kowane ɗinki, mun yi wa makarantar bayan layinmu ta tsara darussa, mun yi wasu da dama da ba wanda ya taɓa amfani da su sai mu.

Aikin yi ne dai ya ƙi samuwa. Mun fito ne a lokacin da manyan kamfanoni ke sallamar mutane, waɗanda suka yi shekara goma suna aikin suka dawo layi ɗaya da mu. Duk tallar da ka buɗe ana neman sabon shiga, amma mai gogewar shekaru, ban san a cikin uwarsa ake so ya goge ba. Yawanci ko amsa ba a ba mu. Masu kirkin cikinsu su turo imel su ce sun gode da sha'awarmu. Baba, wanda ya ajiye tuƙin bas gwiwa ta hana shi, ya riƙe wannan kalmar ya mayar da ita gaisuwa. Da mun zauna cin abinci sai ya ce, "To, injiniyoyi, yau ma an gode muku?"

Ni dariya nake yi, Yaya ba ya yi. Ya riga ni gama karatu, ya riga ni fara jira, abokansa har sun fara kawo katin aure. Ga Kawu, ƙanin Baba, mai shagon sayar da tayil, ya daɗe yana cewa yana buƙatar mutum mai natsuwa. Duk zuwansa gidan sai ya leƙo ɗakin ɗinki ya ce, "Ɗana, ƙofa a buɗe take fa." Yaya ya ce masa ya bari ya ƙara gwadawa sau ɗaya.

Gwajin nan na ƙarshe wani ƙaramin kamfani ne mai yi wa kantunan magani manhaja. Mun tura musu ayyukanmu, suka kira mu mu biyu, suka kuma faɗa mana tun a waya cewa gurbin mutum ɗaya ne. A bas muka yi alkawari: duk wanda aka ɗauka, gida ne ya samu. Ni na faɗa, shi ya ce uhm. A raina kuwa na gama ba shi, don ban taɓa tunanin za a ga Yaya a gaban kwamfuta a zaɓi wani ba.

Ofishin a hawa na biyu yake, saman wani shagon kayan wuta. Shugabar masu rubuta manhajar, wata mata mai tabarau da ba ta ɓata magana, ta ce ɗaya bayan ɗaya za mu shiga. Ba mu taɓa aiki a rabe ba, ko sau ɗaya, kuma wallahi bai taɓa faɗo mana a rai cewa za a raba mu ba.

Ta ajiye min laftof ta ce in rubuta abin da zai gargaɗi mai kanti idan magani ya kusa lalacewa. Na san yadda za a yi tun kafin ta gama faɗa. Amma da na ɗora hannu sai na tsinci kaina ina tsattsagar haruffa da yatsa biyu kamar kaza. Da na ga lokaci na tafiya sai na ture na'urar, na miƙe tsaye, na kama zagaye ofishin mutane ina bayani kamar a ɗakin Umma. Na ga allo a bango na cika shi da zane. Har na ce mata mai kanti ba ya son gargaɗi ya fito masa lokacin da layi ya cika, gara da safe kafin ya buɗe. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce, "Ke kullum haka kike?" Na ce yau ma na rage.

Yaya bai daɗe a ciki ba. A hanya da ƙyar na ciro labarin daga bakinsa. Ya gama aikin tas, ta tambaye shi dalilin da ya sa ya bi ta wannan hanyar, ya ce haka ya kamata. Ta ce idan abokin aiki ya yi kuskure fa, yaya zai yi? Ya ce sai ya gyara. Ta jira ƙari, shi ma ya jira.

Wayata aka kira. Muna ɗakin ɗinki, Umma ta ɗage ƙafa daga keke. Da na ajiye wayar ban san inda zan sa idona ba. Yaya ya rufe laftof a hankali ya ce, "Barka, Rediyo." Ya sa takalmi ya fita. Washegari ya fara zuwa shagon Kawu. Baba bai ƙara yin barkwancin godiya ba.

Ana saura kwanaki in fara aiki, wata la'asar ya dawo da ƙurar siminti a wando, ya ja kujerar nan ya ce, "Zauna." Ban taɓa zama a kanta don aiki ba, sai na ji ta yi min girma.

"Sake rubuta manhajar Umma daga farko," ya ce. "Ki faɗa da baki yadda kika saba, ki buga abin da kika faɗa, kar ki ƙara komai."

Na yi, a hankali, ina faɗa ina tsattsaga. Da na gama na danna, ta yi aiki, na juyo ina jiran yabo. Ya sunkuyo ta kafaɗata, ya bar gurbin suna babu komai, ya danna. Jan rubutu ya cika fuskar kwamfutar. Ya sa mata biyu masu suna ɗaya, ta haɗiye ɗaya. Ya sa ranar da ta riga ta wuce, ta karɓa da hannu biyu, ta ce wa Umma tana da sauran lokaci.

"Ai da ba ta yin haka," na ce.

"Da ni nake bugawa."

Ya buɗe min tsohuwar, wadda muka yi tare. Sai a ranar na lura ban taɓa karanta ta ba, sakamako kawai nake kallo in yi tsalle. Na fara bi layi layi. Ga maganata nan, na gane ta. Amma a tsakanin kowace magana tawa akwai layukan da ban taɓa faɗa ba: idan ba a rubuta komai ba yi kaza, idan sunan ya maimaitu yi kaza, idan ranar ta wuce ƙi karɓa. Na buɗe ta makaranta, haka. Na buɗe wata, haka. Duk shekarun nan ina zuba, yana bin bayana yana toshewa, yana cewa uhm.

Kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya. "Yaya, me ya sa ba ka taɓa faɗa min ba?"

"Kina barin mutum ya yi magana?"

Umma ta yi dariya a bayan keke, ta mayar da ita tari.

Ya zauna kan buhun guntaye, wurina. Ranar ce na ji ya yi magana mafi tsawo. "Idan na tsayar da ke, tunanin sai ya tsere miki. Ke kina ganin hanya tun daga farko har ƙarshe, ni ban iya wannan ba, na gwada. Ramukan kawai nake gani. A can ba wanda zai toshe miki a ɓoye, a gaban mutane za su nuna miki. Gara ki koya a nan."

Da safe na kira mai tabarau na zayyana mata komai, na ce rabin mutum ta ɗauka, rabin mai kyau yana shagon tayil. Ta bari na gama, abin da ba kowa ke iyawa ba. Ta ce, "Na ga aikin yayanki, ba makauniya ba ce ni. Amma kujera ɗaya gare ni, kuma wanda zai zauna a kanta dole ya iya zama da mai kanti ya fahimtar da shi. Za ki zo ko in kira wani?" Na ce zan zo. Ko numfashi ban ja ba kafin in faɗa.

Sauran kwanakin kullum ya dawo daga shago sai ya tsaya a bayana, ya sa ni in fasa abin da na gina da hannuna. Bai taɓa madannan ba ko sau ɗaya. Ban taɓa jin daɗin zama da shi kamar a kwanakin nan ba, kuma dukanmu mun san na ƙarshe ne.

Na yi shekaru a kamfanin kafin a buɗe sabon gurbi, aka kuma ce ni zan zaɓi mutum. Ko tashi daga aiki ban jira an yi ba, na hau bas sai shagon Kawu, wanda a lokacin Yaya ne ke riƙe da shi, har ya yi aure, yana da 'ya mai surutu irin nawa. Na same shi a tsugune gaban kwali, yana ɗaga tayil ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, yana kasa kunne. Na zuba masa bayani, har da cewa ba sai ya yi magana da kowa ba, ni zan yi masa.

Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ƙwanƙwasa wani, ya ware shi gefe.

"Na daɗe ban buɗe ba, Rediyo. An wuce ni," ya ce. "Ki ba wani yaron da ke jira." Sannan ya ɗago. "Yanzu wa yake duba miki?"

"Ni nake dubawa. Har na wasu."

"To," ya ce.

Wani mai saye ya shigo yana tambayar farin tayil na banɗaki. Yaya ya goge hannu a wando ya tashi ya nuna masa, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa, bakina ya ƙi buɗuwa.