Jiƙaƙƙen Tsumman Maame Dufie

A daidai shataletalen Suame motar ta mutu, da gawar Agya Boakye a bayanta. Masu busa ƙaho suka ci gaba da busa har sai da suka lura ba a tafiya. Rana ta take, jerin motoci ya tsaya cak, mata cikin kayan makoki ja da baƙi suna leƙowa ta taga.

Masta Amoako, babban ɗan mamacin, ya sauko daga mazaunin direba yana gumi. Kaf Kumasi ba bakaniken da ya kai shi suna, kuma shi ya dage sai tsohuwar a-kori-kurar uban ce za ta kai shi makwancinsa. Ya sa an yi mata fenti, an sake tayoyi, an lulluɓe ta da furanni. Bonet ɗin ne kawai bai buɗe ba.

"Masta, mai ne ya ƙare?" wani ɗan tasi ya ƙwala. "Ko tsohon ne ya ce bai shirya ba?"

* * *

Mu maƙwabta mun san ciwon motar nan. A jikin dilko, mai raba wa filogi wuta, akwai wani ɗan ƙarfe da ake shafa wa farin mai a ƙasa don kada zafi ya cinye shi. Man ya bushe tuntuni. Da inji ya ɗau zafi sai ta ɗauke, ba ta tashi sai ta huce.

"Amoako, yaushe za ka duba mini abin nan?" Haka tsohon yake tambaya duk Lahadi bayan coci.

"Haba Agya, wannan har aiki ne? Zan leƙo cikin mako."

Bai taɓa leƙowa ba. Ranar da numfashin tsohon ya sarƙe, ni na ja motar zuwa asibiti, matarsa Maame Dufie na riƙe da kansa. A hanya motar ta ɗauke. Kafin ta tashi, ya cika. Maame ta roƙe ni in rufe bakina, ta ce wa ɗanta a gadon asibiti aka rasa shi.

* * *

Amoako ya ɗaga bonet, abokan sana'a sun kewaye shi. Sai ga Maame ta ratso su a hankali. Ta zaro wani tsumma daga jakarta, ta fasa ledar ruwa da haƙori, ta jiƙa shi, ta naɗe dilkon ba tare da ta laluba ba. Kunya ta rufe ni kamar ni na haife shi.

"Maame, wa ya koya miki wannan?" in ji Amoako.

"Babanka. Ku ɗan jira, za ta tashi." Ta goge hannu da zaninta. "Yau ai ba ma sauri, ba kamar rannan ba."

Amoako ya dube ta, ya juyo ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

Ya tsaya riƙe da bonet, ruwan tsumman yana ɗiga a kwalta yana bushewa, hoton uban na murmushi a ƙirjin rigarsa.