Muryar Sarauniyar Aji

"Sake," in ji Injiniya ta bayan gilashi. "Ƙara raini. Wannan ai kamar tausayinta kike ji."

Yaya ta gyara tsayuwa a gaban makirufo. Ɗakin ɗaukar muryar bai fi banɗaki girma ba, an lulluɓe bangonsa da soso, babu taga. Ta ɗaga haɓa, ta kalli yarinyar da babu ita daga sama har ƙasa, ta ja maganar ta hanci.

"Wannan takalmin, gado kika ci ko tsintuwa kika yi? Matsa can. Teburinmu ba na kowa da kowa ba ne."

Injiniya ya buga cinya yana dariya. "Kai! Allah ya raba 'yata da irinki. Wa ya koya miki wannan mugunta?"

Malamanta a wannan fanni suna da yawa. Ƙoƙarinta ne ya kai ta sakandaren 'ya'yan masu hali, inda ta yi shekarunta tana cin abinci ita kaɗai a ƙarshen benci. Ko sau ɗaya 'yan ajin ba su ga hawayenta ba, kuma ko sau ɗaya ba su ƙwace mata na ɗaya ba. Ta fito, ta yi digiri, ta taka ofisoshi har dugaduganta suka gaji. Aikin da ya samu shi ne wannan, sa murya a wani wasan waya da ake mayarwa harshensu. A wasan, sabuwar ɗaliba ce take zuwa makaranta, mai wasa ya zaɓa mata riga da jaka da takalmi, 'yan aji su ba ta maki. Burin shi ne ta samu kujera a teburin Sarauniyar Aji. Yaya ce Sarauniyar. Kashi na farko ya riga ya fita, yau na biyu suke ɗauka, kuma maganar takalmin nan tana cikin kowanne.

Da ta fito tana naɗe wayar kunne, ta ce, "Har yanzu shekara bakwai zuwa sama aka rubuta a kansa."

"Ba jini, ba bindiga, ba ashar. Kaya ne da kwalliya. Me kike so kuma?"

"Ni da maganganun suke fita daga bakina na ce ba na yara ƙanana ba ne."

"To ranki ya daɗe, masu kamfanin suna can wata ƙasa. Ki gaya musu."

"Na gaya musu."

"Suka ce me?"

Ta rataya jakarta. Ba su ce komai ba, shi ma ya sani.

A bas ta samu kujerar bakin taga, ta jingina kai. Tunanin ƙanwarta Auta take yi. Tun rasuwar mahaifiyarsu yarinyar take hannunta, ɗaki ɗaya, gado ɗaya. 'Yan uwa sun so a raba su, Yaya ta ce sai dai bayan ranta. A duk faɗin garin nan Auta ce kaɗai mai tambayarta ko ta ci abinci. Bakinta ba ya hutawa, ko wanka take yi sai ta ba bokiti labari. Amma kwanakin nan ta yi ɗif. A tambaye ta, ta ce ba komai. A kwanta, ta juya wa Yaya baya.

Ana tashi daga makarantar su Auta ta isa. Yara sun cika bakin ƙofa suna jiran masu ɗaukarsu. Kafin ta hango Auta, maganar ce ta fara iso mata.

"Gado kika ci ko tsintuwa kika yi? Matsa can."

Yaya ta tsaya cak. Jan hancin nan, da ɗan shirun da take yi kafin "matsa", duk suna nan, a bakin wata 'yar mitsitsiya mai jaka ruwan hoda da giɓin haƙori. 'Yan mata huɗu sun kewaye ta suna ƙyalƙyala dariya. Auta tana gabansu, ta riƙe igiyar jakarta da hannu biyu, idonta a kan takalminta. Yaya ce ta saya mata shi, ta ɗauko mai ɗan girma don ya kai ta baɗi.

"Ke! Wa ya koya miki wannan magana?"

Mai jakar ta zabura. "Wasa ne, Anti. A waya yake."

Wata a cikinsu ta karkata kai tana kallon Yaya. "Anti, don Allah sake magana mu ji."

Auta ta damƙi hannunta da ƙarfin da Yaya ba ta san tana da shi ba. "Yaya, mu tafi. Mu tafi kawai."

Suka isa gida. Yaya ta kunna risho a baranda, ta ɗora tukunya, ta zauna tana kallon wutar. Tana ta shirya maganar da za ta yi, tana rushewa. Da ta shigo da kwanuka, sai ta ji muryar kanta tana fitowa daga ƙarƙashin bargo. Wasan yana cikin wayarta tun ranar da aka ba ta aikin, ita kuwa abin da ta taɓa gaya wa Auta kawai shi ne labari take karantawa.

Ta yaye bargon. Auta ba ta ɓoye wayar ba.

"Na canza wa sabuwar ɗalibar takalmi ya fi a ƙirga," in ji ta. "Kin ƙi."

"Ba ni ba ce, Auta. Rubutawa ake yi a ba ni."

"Ke ce mana. Haka kike cewa matsa in na tare miki madubi."

Yaya ta zauna a bakin gado. "Ba ki kai shekarun wannan wasan ba."

"Bakwai aka rubuta. Ni takwas."

Yaya ta karɓi wayar, ta danne hoton wasan har alamar gogewa ta fito. Auta ta riƙe mata gefen riga.

"Ki bari in kai ƙarshe. 'Yan ajinmu sun ce in an kai ƙarshe kina cewa zo ki zauna."

Yaya ta san ƙarshen, ita ta karanta shi. Sarauniya tana ba da kujera, amma sai mai wasa ta fara korar wata sabuwar ɗaliba a gaban kowa. Ta dubi ƙanwarta, ta dubi wayar, ta kife ta a kan katifa.

Ta jawo ɗan teburin da take guga a kai zuwa tsakiyar ɗaki. Ta shimfiɗa masa ɗankwalinta mai kyau, ta jera kwanuka biyu da cokula, ta ajiye kujerarsu ɗaya tilo a gefe guda, ita ta zauna a kan bokiti a kife.

"Zo ki zauna, Autata."

Auta ba ta motsa ba. "Ba haka ba."

"To yaya?"

"Da waccan muryar."

Yaya ta tsura mata ido. Ita da ta yi shekaru tana wuce teburin masu wannan murya ba ta ko waiwaya ba, ga jininta tana roƙon kujera. Ta so ta ce a'a. Ta so ta ce mu ba ma roƙo, mu da kanmu muke kafa teburinmu. Amma shekarar Auta takwas, kuma gobe ita za ta koma bakin ƙofar nan, ba Yaya ba.

Ta ɗaga haɓa. Ta kalli Auta daga sama har ƙasa. Ta ja maganar ta hanci.

"Ke, sabuwa. Zo nan. Kujerar nan taki ce."

Auta ta sauko daga gado a hankali. Ta gyara rigarta, ta zauna a bakin kujerar kamar baƙuwa, gwiwoyi a haɗe. Ta ɗauki cokali da 'yan yatsu uku, tana ci kaɗan-kaɗan, ita da ta saba cika baki tana zuba surutu. Can ta ɗago.

"Na gode," ta ce da ƙaramar murya. "Gobe ma zan iya zuwa?"

Yaya ta buɗe baki za ta ce ke da gidanku, sai ta ga yadda idanun yarinyar suke jira. Ta haɗiye maganar, ta sake ɗaga haɓa.

"Gobe ma."