Tarkacen Marigayi Clarrie

Lorna na jan busasshen reshe zuwa tarin itacen da ta yi, sai ga ɗanta Dougal a kan babur, karnukan kiwo na biye.

"Mama! Me kike yi haka?"

"Ba ka da ido ne? Baƙuwa za a yi, ta tarar da filin kiwo kamar juji?"

Dougal ya dafe kai. Baƙuwar nan, kun ji, daga kamfanin sayen gashin tumaki take. In gonar ta yi mata, za su riƙa sayen gashinsu da daraja. In ba ta yi ba, Dougal ya ce sai dai a sayar da gonar, su koma garin Cooma zaman haya.

"Jujin take zuwa gani, Mama! Itacen nan gidan tsuntsaye ne da ƙadangaru, kamfanin kuma gonar da ta bar musu wuri yake nema. Har ciyawar kika aske?"

"Wannan mai kaifin da tunkiya ba ta ci sai da yunwa? Kakanka fa biyansa aka yi ya sare daji. Yau kuma ƙazanta ake saye? Duniya ce ta juye ko ni ce na tsufa?"

"Duka biyun. Kama mu mayar."

Suka shiga watsa itacen. Ita kuwa baiwar Allah, hannu ya saba, duk wanda ta ajiye sai ya shiga layi kamar kujerun coci.

Da Thea baƙuwar ta iso, sai ta dubi wurin.

"An gyara wuri," ta ce, fuska ba walwala.

"Na gode, 'yar nan," in ji Lorna. Dougal ya taka mata ƙafa. To, me kuma ta yi?

Suna hanyar komawa mota Thea ta tsaya cak a bayan rumfar askin tumaki, inda matacciyar taraktar marigayi Clarrie, mijin Lorna, ta nutse cikin ciyawa da tsohuwar wayar shinge. Tunkiya ba ta iya shiga, Lorna ma ciwon gwiwa ya hana ta gyara wurin. Thea ta durƙusa kan wasu ƙananan furanni rawaya.

"Wa ya bar nan haka?"

"Mijina. Malalacin..."

"Ai ya yi muku gata! Irin furannin dajin nan sun yi wuyar gani yanzu. In kun bar sauran ya koma haka, mun shirya."

Tun suna da ƙuruciya Lorna ke yi wa Clarrie gorin tarkacen nan. Ta juya ta dubi tudun da aka binne shi.

"To, Clarrie, ka ci. Amma kada in ji dariya."