Ma'aunin Kawu Mainasara

Wata huɗu Maijidda ta shafe tana haɗa manhajar dara, aikinta na kammala digiri ke nan. Dabarar daga masu wasan ces na kwamfuta, wato darar Turawa, ta aro ta: duk wanda ya zo, na'ura za ta gwada shi wasa biyar, ta auna ƙarfinsa, sannan ta haɗa shi da abokin karawa daidai da shi, daga mataki na ɗaya zuwa na goma. Ta gwada mutum ashirin da uku a cikin Daura, teloli da masu shayi da malaman firamare, duk ma'aunin ya zauna daram. Saura gwani na gaske, wanda zai nuna mata ko matakin nan na goma yana da haƙora.

Gwanin kuwa a gida yake. Kawunta Mainasara, wan mahaifiyarta, dillalin shanu ne da ya tsufa a kasuwar Mashi, kuma tun daga Sandamu ake tasowa a sha kashi a hannunsa.

Ranar Asabar bayan la'asar ta same shi a zaure, ta durƙusa ta gaishe shi, ta miƙa masa wayar.

"Kawu, wasa biyar kawai. So take ta san ƙarfinka."

"Ta san ƙarfina? To madalla."

Ya yi wasa biyar, aka cinye shi biyar. Maijidda tana kallo yana barin gurbi a buɗe kamar wanda bai taɓa riƙe ɗan dara ba. Na'ura ta ajiye shi a mataki na ɗaya. Nan take ya gyara zama, ya share mata 'ya'ya cikin minti uku, ya miƙo wayar yana taɓe baki.

"Wannan ce kika hana kanki barci a kanta? Ai ko 'yar autar gidan nan ta fi ta kai."

"Haba Kawu! Da gangan fa ka faɗi."

"Ke 'yar nan, kin taɓa ganin mai sayen sa ya yabi sa a gaban mai shi? Baƙo ya zo zai auna ni, sai in kwance masa kayana?"

Ta koma ɗaki ranta a ɓace. Mako biyu ta yi tana gyara, ta sa manhajar ta riƙa awo a kowane wasa, ba a biyar na farko kaɗai ba. Kawu ya gano abin tun kafin a kira magariba. Sai ya koma ya ci ɗaya, ya faɗi biyu, ya ci biyu, ya faɗi ɗaya. Ma'auni ya yi ta lilo tsakanin uku da shida har Maijidda ta ji kamar ta buga wayar da bango. Ta roƙe shi, ta sa mahaifiyarta ta yi masa magana, ta kai masa furar da yake so. Ya sha fura, ya sa albarka, ya sake faɗuwa.

Kwana uku kafin ta kare aikin gaban malamanta, ta rufe awon gaba ɗaya, ta ɗaure manhajar a mataki na goma, ba ta faɗa masa ba.

Ta sake kai masa wayar a zaure. Kawu ya ture hularsa baya. Yatsansa ya daɗe a sama kafin ya sauka. Maƙwabci ya yi sallama sau biyu bai ji ba. Sai da aka kusa awa guda sannan na'ura ta jera uku, ta ɗauke masa ɗa, ta ƙara jerawa, wasa ya mutu.

Maijidda ta tashi tsaye. "Kawu, na goma ne wannan! Ta cinye ka?"

Ya share gumin goshinsa da bakin riga, ya mayar da hula.

"Na bar mata ne."

"Don Allah Kawu, gaskiya nake so. A takarda zan rubuta."

"To rubuta cewa na bar mata."

Ya jawo butarsa ya fita alwala. Ta bi shi da kallo har ƙofa, ko zai waiwayo ya yi dariya, bai waiwayo ba.

Ran Talata ta tsaya gaban malamai da sakamakon mutum ashirin da uku. Ɗaya daga cikinsu ya ɗago takardar ya tambaye ta me ya sa layi na ƙarshe, na ashirin da huɗu, ba komai a gaban sunan Mainasara. Ta ce ba ta samu awonsa ba.